Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga hukumomin muhalli da masu ba da tallafi: in kun shuka, ina zaku kai girbin?

Assalamu alaikum, ranku ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni dai ba wani babba bane, kimiyyar ƙasa na karanta na kuma ɗan taɓa aikin ɗibar samfur a fili, abin da yasa na zauna nake rubuto muku wannan doguwar takarda wani abu ne da na gani da idona wanda har yau ya tsaya min a rai. An gayyace mu bikin ƙaddamar da wani aiki wai na tsaftace ƙasa, a wani fili da aka shafe shekaru ana fasa tsofaffin batiran mota ana narka dalmar ciki. Bazan faɗi sunan wajen ko na ƙungiyar ba, don ba faɗa nazo yi da kowa ba. An kafa rumfa, an sha jawabai, an dasa sanfulawa, furen nan mai rawaya da ake matse mai daga ƙwayarsa, layi layi, manya sun riƙe shebur an ɗauke su hoto, aka ce nan da ɗan lokaci tsirran nan zasu shanye gubar. Bayan wata bakwai na koma. Furannin sun bushe a tsaye, wasu sun karye sun kwanta suna ruɓewa a kan ƙasar da aka ce sun wanke, awaki sun shiga suna ta ci, yara na guje guje a gefe ƙura na tashi. Na tambayi mai gadin ko anzo an sake ɗibar ƙasa don awo, yace shi tun ranar biki bai ƙara ganin ƙeyar kowa ba.

To kar ku ɗauka adawa nake da wankin ƙasa da shuka. Wallahi ina sonsa, yana cikin abubuwan da suka sa naji karatun nan ya shiga raina. Abin da nake so ku gane shine aiki ne na gaske mai ƙa'ida, kuma yadda ake yinsa a wurare da yawa yanzu sai dai a kira shi rufa ido.

Bari in ɗan koma baya. A 1948 wasu masana biyu ƴan Italiya, Minguzzi da Vergnano, suka auna wata ƴar ciyawa mai suna Alyssum bertolonii a yankin Tuskani suka tarar kusan kashi 1 cikin 100 na busasshen ganyenta ƙarfen nikel ne, adadin da zai kashe yawancin tsirrai nan take. A 1976 kuma aka ba da labarin wata bishiya a tsibirin Niyu Kaledoniya, yanzu sunanta Pycnandra acuminata, in ka sare ta ruwan da ke fita shuɗi ne mai ratsin kore, in aka busar da shi kusan kashi 25 cikin 100 nikel ne zalla. Ku duba fa, bishiya mai rai. Robert Brooks na ƙasar Niyu Zilan shi da abokan aikinsa suka sa wa irin waɗannan tsirran ma'auni a 1977, cewa duk wadda ta tara nikel sama da miligiram 1,000 a kilo ɗaya na busasshen ganye ta shiga sahun masu haɗamar ƙarfe, sai a 1983 Rufus Chaney na ma'aikatar noman Amurka yace to tunda akwai masu wannan hali me zai hana a shuka su a gurɓatacciyar ƙasa su zuƙo gubar a girbe. Daga nan aka faro. Yau an san irin waɗannan tsirran sama da 700, amma ga wani abu da ba a cika faɗa ba a wajen biki: mafi yawansu nikel suke sha. Masu shan kadmiyum ko arsenik ƴan kaɗan ne, dalma kuwa, wadda ita tafi addabar mutane, kusan ba ta da gwani.

Babban abin da nake roƙon ku riƙe shine guba kala biyu ce a wannan harkar kuma ba a haɗa su a kwando ɗaya. Akwai irinsu ɗanyen mai da dizal da wasu magungunan ƙwari da sinadaran wanke injina, waɗannan haɗaɗɗun abubuwa ne, ana iya wargaza su su koma iskar kabon da ruwa da makamantansu. Sannan akwai ƙarafa, dalma, kadmiyum, makuri wato zaiba, tutiya, nikel, da arsenik da ake lissafawa tare dasu. Ƙarfe baya mutuwa. Baya ruɓewa, wuta bata cinye shi, shuka bata narkar dashi. Iyakar abin da shuka zata yi ta ɗauko shi daga ƙasa ta ajiye a ganye da kara, shikenan, wato ta canza masa wurin zama ne kawai. In kazo ka yanke ganyen ka tafi dashi inda ya dace, ƙasa ta ragu da guba. In ka barshi ya bushe ya zube, ka maido da ita, kuma a wani lokacin ma ka ƙara ɓata lamarin, don gubar da ke can ƙasa ka ɗago ta sama inda iska da dabba da hannun yaro zasu same ta. An kashe maciji ba a sare kansa ba kenan.

Yanzu bari muyi lissafi, don na lura a takardun neman tallafi lissafin nan ne ake tsallakewa. Misali ne kawai nake bayarwa amma kowa zai iya bi da kalkuleta. Hekta ɗaya, in ka ɗauki saman ƙasa zurfin santimita 20, nauyinta ya kai wajen tan 2,600. A ce a kowane kilo na ƙasar akwai dalma miligiram 1,000, kuma a wajen fasa batir ana samun abin da ya ninka haka sau da yawa, kaga kenan akwai kilo 2,600 na dalma kwance a hektar nan. To ka shuka abin da zai baka tan 10 na busasshen kara da ganye a shekara, kuma mu yi masa adalci muce kowane kilo na ganyen ya ɗauko miligiram 100. Nawa ka cire? Kilo ɗaya tak a shekara. Kafin ka rage rabi sai an haura shekara dubu, kuma wannan ma in shukar zata cigaba da sha yadda ta fara, alhali ba haka take yi ba, farko take kwashe mai sauƙin narkewa daga baya abin ya riƙa ja da baya. Aikin da na gani kuwa na wata goma sha biyu aka rubuta.

Amma ku juya lissafin kan kadmiyum ku ga bambanci. Gona mai miligiram 2 a kilo, wanda ya isa ya sa amfanin gona ya zama matsala, gaba ɗaya abin da ke hektar bai wuce kilo 5 da ɗan wani abu ba. Shukar da zata baka tan 5 da miligiram 100 a kilo ta cire rabin kilo a shekara, kaga cikin ƴan shekaru ana iya ganin canji na gaske. Hanya ɗaya ce, amma nan tayi can bata yi ba, kuma tun kafin a sayi iri ake iya sanin haka in anyi awo an zauna da biro da takarda.

Labarin sanfulawa kuwa nasan inda ya samo asali, kuma gaskiya ne amma rabi ake faɗa. Bayan fashewar tashar nukiliya ta Chernobyl a 1986, a tsakiyar shekarun 1990 wasu masu bincike, cikinsu har da Ilya Raskin na jami'ar Rutgers, sun ɗora sanfulawa a kan wasu allunan da ke yawo a saman wani kududdufi kusa da tashar, saiwoyin na lilo a cikin ruwa, kuma suka zuƙi sinadaran siziyom 137 da sitirontiyom 90, wato gubar nukiliyar da tashar ta watsa, sosai. A ruwa fa. A cikin ruwa sinadarin a narke yake, babu abin da ya riƙe shi. Da irin wannan hatsarin ya faru a tashar nukiliyar Fukushima ta Japan a 2011 jama'a da kyakkyawar niyya suka bazama shuka sanfulawa a gonaki da bakin hanya, sai ma'aikatar noma ta Japan tayi gwaji a ƙauyen Iitate ta tarar abin da furen ya ɗauka bai wuce kashi ɗaya cikin 2,000 na siziyom ɗin da ke ƙasar ba. Dalili kuwa siziyom yana shigewa tsakanin ɓawon yumɓu ya maƙale, saiwa bata iya ƙwato shi. Abin da yayi aiki shine kankare ƴan santimitocin saman ƙasa, shi yasa Japan ta tara ƙasa wajen kubik mita miliyan 14 a ma'ajiyar wucin gadi a garuruwan Okuma da Futaba, doka kuma tace sai an fitar da ita daga yankin zuwa watan Maris na 2045. A gonakin shinkafa ma dabarar da suka koma akasin wankin ƙasa ce, suka riƙa zuba takin potash da yawa don shukar ta ƙoshi da potasiyam ta daina ɗaukar siziyom, tunda su biyun kama suke mata. Ƙasar da ke da kuɗi da masana haka ta gwada ta faɗi gaskiyar abin da ta gani, amma har yau hoton furen ne ke yawo a intanet sakamakon gwajin kuwa ba mai tura shi.

Mu dawo kan dalma don ita ce ta kawo ni. Dalma bata son narkewa, tana manne da ƙasa, ɗan abin da shuka ta ɗauka ma yawanci a saiwa yake tsayawa baya hawa ganye, saiwa kuwa wa zai bi ya tono ta duka? A shekarun 1990 aka zo da dabarar zuba wani sinadari mai suna EDTA wanda ke kwance dalmar daga jikin ƙasa don wata shuka mai suna mustad ɗin Indiya ta sha da yawa, kuma ta sha ɗin, sai dai abin da ya narke yafi abin da shukar ke iya ɗauka nesa ba kusa ba, ragowar sai ruwan sama ya tafi dashi ƙasa inda rijiyoyi ke samun ruwa, shi EDTA ɗin kuma baya saurin lalacewa. Ana maganin ƙaba kai na kumbura. Don haka in wani ya kawo muku takarda da wannan dabarar a fili wanda ba a shimfiɗa masa komai a ƙarƙashi ba, dan Allah ku tambaye shi ina ruwan zai je.

Inda mutane ke zaune kuma awo ya nuna dalma tayi yawa, maganar gaskiya mai ɗaci ita ce sai an kwashe saman ƙasar an kai ramin da aka tanada an rufe, an kawo mai tsafta an zuba. Akwai tsada, sai an sa lebura da tifa wani wajen har da katafila, kuma babu wani kyau a hoto. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa ƙarara babu wani adadin dalma a jini da aka sani wanda bashi da illa, kuma yaro ɗan shekara biyu da ke rarrafe yana kai hannu baki bazai jira shekara hamsin ba, ƙwaƙwalwarsa yanzu take ginuwa kuma abin da dalma ta ɓata a nan baya dawowa. Ku dubi garin Kabwe a Zambiya, an rufe mahaƙar dalma da tutiya tun 1994 amma har yau ƙurar tarin sharar na shiga unguwanni ana samun yara da dalma mai yawa a jini.

Shin kenan shuka bata da amfani a wajen dalma? Tana dashi, amma sunan aikin daban ne. Ana rufe fili ko tarin sharar ma'adinai da ciyawa mai kauri don ƙura ta daina tashi ruwa ya daina kwasar ƙasa zuwa rafi, a haɗa da farar ƙasa ko takin fosfet wanda ke ɗaure dalmar ta koma wani nau'in da baya narkewa da sauƙi. Ciyawa irin jema da ƴar'uwarta ta Indiya da saiwarta ke nutsewa mita 3 ko fiye sun dace da wannan. A nan ma so ake shukar kar ta ɗauki gubar zuwa ganye, akasin na farko. To wannan ɗaure guba ne a inda take, gubar na nan, kuma dole a faɗa wa mutanen wajen haka da bakin da zasu gane, kar a ce musu an wanke alhali rufewa akayi, gobe wani yazo ya nome ciyawar ya shuka ganyen ci ko ya haƙa ya yi bulo.

Kada in cika ku da abin da baya yi, ga inda yake yi har ya burge. A 2001 Lena Ma da tawagarta a jami'ar Florida suka wallafa labarin wata ciyawa mai dogon ganye kamar gashin tsuntsu, Pteris vittata, da suka samu tana tsiro abinta a wani wajen da aka daɗe ana jiƙa katako da maganin da ke ɗauke da arsenik. A gwajinsu ta tara arsenik har sama da kashi 2 cikin 100 na busasshen ganyenta, kuma abin daɗin a ganye take ajiyewa, tana da girma, in ka yanke ta sake tohowa. A China an shuka ta a gonakin da sharar ma'adinai ta ɓata a lardunan Hunan da Guangxi. Su China ai dole su nemi hanya mai sauƙi, binciken ƙasa da gwamnatinsu ta fitar a 2014 ya nuna kashi 19.4 cikin 100 na wuraren da aka auna a gonaki sun haura ƙa'ida, kadmiyum ne kan gaba, kuma ba yadda za ayi ka kwashe saman gonakin ƙasa guda da tifa. Japan ta ɗanɗana wannan, a yankin kogin Jinzu na lardin Toyama inda kadmiyum ɗin mahaƙa ya shiga shinkafa ya jawo cutar itai itai mai lalata ƙoda da ƙashi, wadda gwamnati ta amince da sanadinta a 1968, aikin canza ƙasar gonakin ya ɗauki sama da shekara 30 sai 2012 aka gama. Shi yasa masu bincikensu suka gwada wasu nau'ukan shinkafa masu shan kadmiyum da yawa, a shuka ba don ci ba, a girbe a ƙona a inda aka tanada. A irin wannan wajen, fili mai faɗi guba kuma bata yi tsanani ba, nan shuka ke da bakin magana.

Ɓangaren mai da sinadarai kuwa nan ne ma nafi ganin ya kamata ku zuba kuɗi. A nan yawancin aikin ba shukar ce ke yi da kanta ba, saiwa ce ke fitar da sukari da wasu ruwaye da ke ciyar da bakteriya da fangas, tana kuma buɗe ƙasa iska ta shiga, su kuma waɗannan ƙananan halittun su cinye man. Gubar na ƙarewa da gaske, babu wani girbi mai haɗari sosai da za a rasa inda za a kai. Haka bishiyar fofla da wilo, masu saurin girma da shan ruwa kamar famfo, a sansanin sojan Amurka na Aberdeen da ke jihar Maryland an dasa fofla wajen 180 a 1996 a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa da sinadaran wanke ƙarfe suka gurɓata, bishiyoyin na zuƙe ruwan suna rage masa bazuwa suna kuma wargaza wani ɓangare na sinadarin. Amma ko nan akwai iyaka, in man yayi yawa har ƙasa tayi baƙi tana naso irin bazai ma tsiro ba, kuma saiwa inda ta kai nan aikin ya tsaya, ciyawa da wuya ta wuce rabin mita tana aikin kirki, bishiya ƴan mitoci. Abin da ke ƙasa da haka sai wata hanyar.

Wani abin da ke bani tsoro kuma, wasu daga cikin gwanayen abin ci ne. Dangin kabewa an tabbatar suna ɗauko ragowar tsofaffin magungunan ƙwari irinsu DDT daga ƙasa fiye da yawancin tsirrai. Mustad ana ci, sanfulawa ana matse mai ana ba dabbobi tunkuzar. To ka shuka irin wannan a fili ba shinge ba mai gadi ba allon gargaɗi, a inda mutane ke fama da buƙata, me kake tsammani? Wanda ya ga kore shar zai ɗiba, kuma ba laifinsa bane, ba wanda ya gaya masa. Gubar da a da sai yaro ya ci ƙasa take shiga jikinsa yanzu ka shirya mata hanya ta cikin tukunya da nonon dabba.

Sai maganar girbin kansa, wadda ita ce taken wasiƙar nan. A ce komai ya tafi daidai, shuka ta sha guba, an yanke, ga tan biyar ko goma na ganye a tare. Sai yaya? Wannan tarin yanzu shara ce mai guba kamar kowace. Ba a takin gargajiya da ita, ba a ba dabba, ba a jibge ta a bola. Ba kuma a cinna mata wuta a fili, don arsenik da kadmiyum da makuri suna bin hayaƙi in zafi yayi yawa, wanda ke tsaye a wajen shi zai fara shaƙa. Sai dai a busar a ƙona a injin da ke da matatar hayaƙi, tarin ya koma ƴar toka kaɗan, tokar kuma a kai ta ramin shara mai guba da aka shimfiɗa wa kariya ko a tace ƙarfen a fitar. Wannan ragin shine ainihin ribar hanyar gaba ɗaya, maimakon ka kwashe dubban tan na ƙasa ka kwashi ƴan buhunan toka. Amma in babu injin babu ramin a duk yankin, to tun farko me ake shukawa? Na karanta takardun ayyuka da dama, zaka ga kuɗin iri, kuɗin ban ruwa, kuɗin taron wayar da kai, kuɗin riguna da huluna, layin zubar da girbi kuwa babu shi kwata kwata.

Akwai ma inda tokar ke zama kuɗi, don kar ace komai asara ne. A Albaniya ana noman wata ciyawa dangin wadda aka gano a Italiya a ƙasar da Allah ya yi ta da nikel mai yawa har amfanin gona baya kyau, ana samun wajen kilo 100 na nikel a hekta, tokar tafi yawancin duwatsun da ake haƙowa yawan ƙarfe. A Sabah ta ƙasar Malesiya ma ana gwada wata da aka raɗa wa suna Phyllanthus rufuschaneyi don girmama Chaney. Sai dai nikel ne ke da kasuwar da zata biya wannan wahalar, kar wani ɗan kwangila ya zo ya ce muku tokar dalma ko arsenik zata mayar da kuɗin aiki.

To ranku ya daɗe ga roƙona, kuma ba abu ne mai wuya ba. Duk wanda ya kawo muku takardar neman izini ko tallafi, kafin ku sa hannu ya nuna sakamakon awon ƙasar daga lab, wace guba ce, nawa ce, zuwa wane zurfi, kuma samfur daga wurare da yawa a filin ba guda ɗaya daga bakin ƙofa ba, don gurɓata bata bazuwa daidai, nan kaɗan taku goma gaba ta ninka sau ɗari. Ya faɗi shukar da zai sa da dalilin zaɓenta, kuma in baƙuwa ce a yankin ya nuna bazata ɓalle ta zama annoba ba, kunsan yadda kainuwar nan mai shuɗin fure da ke tsotse ƙazanta a ruwa ta toshe tafkin Biktoriya. Ya yi lissafin nan da nayi a sama da nasa alƙaluman ya rubuta shekara nawa, in amsar ta fito ɗari uku ku ce masa ya koma ya sake tunani. Ya faɗi a fili cirewa zai yi ko ɗaurewa. Sannan ya rubuta suna da wurin da girbin zai je da wanda zai biya kuɗin motar.

Ku ma kuna da naku gyaran. Tallafin shekara ɗaya ko biyu baya yin wannan aikin, shuka ba ta san ƙarshen zangon kasafin kuɗi ba. In bazaku iya ɗaukar nauyin shekara biyar ko goma na yanka da awo da gadi ba, gara ku sa kuɗin a shinge da rufe filin da gwajin jinin yaran da ke kusa, wannan ko ba komai zai rage cuta a bana. Ku daina karɓar yawan tsirran da aka dasa a matsayin sakamako, dasa dubu goma ba ya nufin an cire ko giram ɗaya. Ku riƙe wani kaso na kuɗin sai an kawo awo na biyu da na uku, kuma wani daban ya ɗebi samfurin ba wanda aka ba kwangilar ba. In aiki bai yi ba a rubuta bai yi ba a wallafa, kamar yadda ma'aikatar Japan tayi da sanfulawa, don na gaba kar ya sake faɗawa ramin.

Filin da na baku labari a farko har yanzu yana nan, kuma a rahoton ƙarshen aikin an rubuta cewa an kammala cikin nasara. Ina roƙon duk hukumar da ke da irin wannan fayil a kabad ta ciro shi, ta tura mutum biyu da shebur da ledojin samfur su ɗebo ƙasar daga wurare ashirin, santimita 5 na sama daban na ƙasa daban, a kai lab, a kuma manna sakamakon a bakin filin inda iyayen yaran zasu gani. Kafin sakamakon ya fito a kewaye wajen da waya a kori awakin.

Na gode da haƙurin karantawa, ku huta lafiya.

Naku,
Wani ɗalibin kimiyyar ƙasa